Takardun Kawu Tela

Ranar Talata muka binne Kawu, yayan mahaifiyata, bayan azahar, ana yayyafi. Mutane sun zo, ba zan yi ƙarya ba. Sahu ya cika layinmu har ya kai bakin kwata. Amma ni na san abin da ya kawo rabinsu, kuma su ma sun san na sani.

Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kowa ya zo sai ya durƙusa, ya ce Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta, sannan idonsa ya zarce cikin zaure, wajen ƙusar da ke saman keken ɗinki. A nan Kawu yake rataye gafakarsa, wata tsohuwar jakar fata da ya cika da takardu. Ƙusar tana nan, gafakar ba ta nan. Na ga wani mahauci ya yi gaisuwa sau biyu don kawai ya sake leƙawa.

Mai unguwa ne ya fara kasa haƙuri. Ya matso kusa da ni har ina jin warin goro a bakinsa.

"Ɗan'uwa, takardun marigayi fa?"

"Waɗanne?"

"Ka san waɗanda nake nufi. Shawara ce kawai. A ƙone su, kowa ya samu barci. Shi ma ya fi masa sauƙi a can."

Liman yana gefe, ya ji. Ya ce ba a ƙona abin da ba a karanta ba, wataƙila akwai wasiyya a ciki. Baba Bayarabe, maƙwabcin Kawu mai sayar da kwanuka, wanda suka yi shekara talatin suna raba katanga ɗaya, ya share hawaye da bakin agbada, babbar rigarsa, ya ce mini, "Kawu naka mutum mai kyau ne. Wallahi mai kyau. Amma wannan rubutu nasa, kullum rubutu, kullum rubutu, ni ma yana ba ni tsoro."

Abin da ake faɗa a unguwa, wanda ba mai faɗarsa a zaman makoki, shi ne Kawu ɗan rahoto ne. Wai duk abin da ya ji yana rubutawa ya kai wa Turawa. Ni ban da bakin ƙaryata kowa, domin ni na fara faɗar haka, kuma da ƙarfi na faɗa. Shekara biyar ban shiga zauren nan ba, ban gaishe shi ba sai in mun yi kiciɓis a masallaci, shi ma ɗin da ka kawai. Ina rubuta wannan ne saboda mutumin ya mutu ban san ko shi ya sayar da ni ba, kuma ba na son a manta da shi kafin in sani. Karatuna aji biyu ne na elementare da ɗan abin da aka dura mini a makarantar allo. Wanda ya ga kuskure ya gyara wa kansa.

Kawu ya zo Jos tun ana kwana a bukkoki, lokacin da aka fara haƙar kuza gadan-gadan. Leburori yake ɗinka wa riga da wando. Daga nan ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, ya yi shekara tara bai dawo ba, har an yanke ƙauna. Ya tsinci auduga a Sudan, ya yi ɗinki a bakin teku, ya dawo da keken ɗinki ɗaya, da tari wanda bai rabu da shi ba, da kuma wannan ciwo na kalma.

Kalmar ita ce labari. Ita kaɗai. Wani in ya je Makka ya dawo da zamzam da dabino, shi da wannan ya dawo.

Ya ba ni asalin abin fiye da sau ɗari, tun ina saurayi ina zama wajensa. Wai suna layin ɗiban ruwa a Makka, sai wani ɗan Jawa, gajere mai fara'a, ya juyo ya gaishe shi da harshensu. Kawu bai gane komai ba sai kalma ɗaya: kabar. Ya ce sai da tsikar jikinsa ta tashi. Mutum daga ƙarshen duniya, ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa abinci ba, yana tambayarsa abin da ake tambayarsa kowace safiya a bakin rafin Dilimi, nan Jos. Daga ranar ya shiga farauta. Ya tare Baturke, ya ce masa haber. Ya tare mutanen Hindu, suka ce khabar, daga can cikin maƙogwaro kamar Larabawa. Mutanen bakin tekun gabas suka ce habari. Fulanin da suka yi tafiya tare suka ce habaru.

"Duk inda aka yi rubutu da baƙaƙen Alƙur'ani," in ji shi, "ka duba, ta riga ka isa. Kowa ya yanka ta daidai jikinsa. Mu Hausawa da muka karɓe ta daga Larabawa ba mu ma cire mata alif da lam ɗin da ke gabanta ba, muka haɗa muka ɗinke, ta zama labari."

In ka ce masa, "Kawu, ina labari?" ba zai ce maka sai alheri ya wuce kamar kowa ba. Sai ya tsayar da keke, ya cire allurar da ke bakinsa, ya ce, "Ka san abin da ka tambaya kuwa?" Daga nan ka shiga uku. Zai gaya maka tushenta a Larabci sanin abu ne ta ciki, sanin wanda ya taɓa, ya gwada, ba wanda ya hango daga nesa ba, shi ya sa cikin sunayen Ubangiji akwai Alkhabiru. Sannan ya ce wani malami a Sudan ya koya masa cewa su masana, in suka ce khabar, suna nufin maganar da za ta iya zama gaskiya, za ta iya zama ƙarya. Ita kanta ba ta da hujja. Hujjarta wanda ya ɗauko ta.

Shi ya sa ba ka kawo masa zance ka tsira. Ka ce an yi gobara a Bukuru, ya ce, "Wa ya gaya maka?" Ka ce wane. Ya ce, "Shi wa ya gaya masa?" Matarsa, wadda muke kira Iya, ta taɓa ce masa gishiri ya ƙare, ya ce wa ya gaya mata. Ta ɗauko tukunyar ta kife masa a kan keke.

To ga yadda yake aikinsa, kuma a nan masifar take. Kowace kalma da ya kama, takarda guda yake ba ta, warwara, ba ɗinki, yadda malamai ke ajiye littafi. Da alƙalamin kara da tawada yake rubutawa, da ajami. Zai sa kalmar a sama. Zai sa maganar da ta fito a cikinta gaba ɗaya, don ya ce kalma ba ta yawo tsirara. Zai sa sunan wanda ya faɗa, da na ubansa, da garinsu. Zai sa rana da wata. A ƙasa kuma ya jera sunayen duk wanda ke zaune a wurin, a matsayin shaidu. Takardar da ba ta da wannan, a wurinsa, ta naɗa ƙosai ce.

Ka duba mutum irin wannan a gari irin Jos, inda kowa baƙo ne, kowa da abin da ya baro a garinsu. Tsoho ya tare ka a tashar jirgi, ya tambaye ka yadda kuke ce wa labari, ka faɗa masa kana dariya, sai ya ce, "Sunanka? Sunan mahaifinka? Daga ina?" Ya bi 'yan Sham masu kanti. Ya bi sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama, can wajen Indiya, yana tambayarsu abin da suka ji a bakin Indiyawa. Da can ana ɗaukarsa mai taɓin hankali kaɗan, ana yi masa uzuri. Da siyasa ta shigo, aka fara kama mutane kan taro da lacca, sai dariyar ta ragu.

Sai kuma ga Bature. Wani dogo ne na gwamnati, mai jan gashi, yana jin Hausa har da karin harshen Kano. Wai shi ma mai tara kalmomi ne. Kowace Asabar da hantsi yakan ajiye motarsa a bakin layi, ya cire takalmi, ya zauna a tabarmar Kawu. Ranar Kawu har rawani yake naɗawa. Shekara ashirin yana wannan aiki ana yi masa kallon mahaukaci, yau ga mai mulki ya tanƙwashe ƙafa a gabansa yana cewa, "Malam, ƙara mini bayani." Na ce masa, "Kawu, mutumin nan ba kalma yake nema ba." Ya ce, "Wa ya gaya maka?"

Ni a lokacin ina gyaran injin jan ruwa a wani kamfanin kuza. Aiki mai kyau, da kaki, da ɗaki a bariki. Damina ta yi ƙarfi shekarar, gefen rami ya zabtare ya danne mana mutum biyu. Muka ce ba za a sake shiga ramin ba sai an gyara gefen. Aka ce a shiga. Mu biyar muka yanke shawarar mu kashe injuna ranar Litinin, ruwa ya cika ramin, mu ga wanda zai tura mutum ciki. A bariki ba a magana, bango ma kunne ne da shi. Ni na ce mu haɗu a zauren Kawu ranar Juma'a bayan an sauko, tunda wurin tela kowa na shiga ba a tambaya.

Ana ruwa da ƙanƙara a kan kwano, har sai mun ɗaga murya. Kawu yana lungunsa yana ɗinki, ya ba mu baya. Cikinmu akwai wani Babarbare, lebura, mutum mai tsoron Allah. Da muka gama, ya ɗaga yatsa ya ce, "Kada hawar ɗin nan ya fita zauren nan sai Litinin mun kashe injuna."

Keke ya tsaya.

"Me ka ce?" in ji Kawu.

Muka dubi juna.

"Sake faɗa, ɗana. Yadda ka faɗa ɗin nan, kada ka canza komai."

Babarbaren ya maimaita, yana murmushin kunya. Kawu ya tambaye shi ko haka duk Barno ke ce wa labari, ko garinsu kaɗai. Ya tambayi sunan ubansa. Muka yi dariya, muka ce tsoho da abinsa, muka watse.

Asabar Bature ya zo kamar kullum. Lahadi da safe 'yan doka suka bi mu ɗaki ɗaki, mu biyar, ba su yi kuskuren ƙofa ko ɗaya ba. A gaban alƙali aka karanta mana maganar Babarbaren, kalma bayan kalma. Wata shida shida. Aiki ya tafi, ɗaki ya tafi. Babarbaren ya fito da tari, ya koma gida, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ni yanzu katako nake tsagawa a kasuwar Katako, ina da shekara arba'in da shida, yaran da na koya wa riƙe sifana su ake kira oga.

Ranar da aka sake ni ban je wajen iyalina ba, zauren na nufa. Yana yanka wani farin yadi.

"Kawu, kai ka ba da mu?"

Bai ɗago ba. Almakashin ya ci gaba da tafiya har ƙarshen yadin.

"Magana nake yi maka."

"Wa ya gaya maka?"

Da ba yayan uwata ba ne, da na ɗaga masa hannu ranar. Na ce, "Ba wanda ya gaya mini. Mu shida ne a ɗakin nan. Biyar sun sha ɗauri."

Ya ajiye almakashi. Ya ce, "Ban buɗe baki na faɗa wa kowa ba. Allah ne shaida."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ke nan abin da na tabbatar."

Na tofa yawu a bakin ƙofarsa na fita. Kafin magariba duk unguwa ta ji daga bakina.

Dole in faɗi ɗaya gefen, tunda ta'aziyya nake rubutawa. Wata shidan da na yi a ɗaure, shi ya kwashe matata da 'ya'yana uku ya sa su a ɗakin baya, ya ci da su. Ban gode masa ba. Na ce wanda ya karya ƙafa shi ya san inda zai ɗaure. Kowace sallah kuma sai Iya ta aiko da ƙunshi, riguna uku. Shekarar farko na mayar. Daga baya matata ta riƙa karɓa a ɓoye, ta ce mini a kasuwa ta saya, ni kuma in yi kamar ban san ɗinkin Kawu ba, mutumin da ke ninka bakin aljihu sau biyu. Abin da ya fi ci mini rai, rigunan ba sa kuskure. Na hana yaran shiga gidansa, bai taɓa sa musu magwaji ba. Ashe yana zama a bakin zaure lokacin da suke wucewa makaranta, yana auna su da ido.

Kwana uku da rasuwarsa Iya ta aika a kira ni. Tana cikin takaba, ta juya mini gefe, ta turo gafakar zuwa bakin tabarma.

"Ya ce a ba ka."

"Ni? Ba shi da 'ya'ya mata a Bauci?"

"Ya ce kai. Ya ce kai ne za ka karanta da neman laifi, saboda haka ba za ka tsallake komai ba."

Na ɗauka na tafi da ita bayan rumfarmu a Katako, inda ba mai damuna. Kwana uku ina fama, daga hantsi zuwa la'asar, ina bin baƙaƙe da yatsa kamar ɗan shekara bakwai. Ina neman inda ya rubuta wane ya zagi sarki, wane ya je lacca, wane yana sayar da kuza ta bayan gida. Babu. Kabar, haber, habari, khabar, da wasu da ban taɓa ji ba, kowace da maganarta da mai ita da shaidunta. Mahaucin nan da ya yi gaisuwa sau biyu yana ciki, shaida ne ranar da wani Buzu ya zo sayen kilishi. Baba Bayarabe yana cikin takarda goma sha ɗaya. A ɗaya ma shi ne mai magana, yana rantsuwa su a garinsu iroyin suke cewa, amma ya ji malamansu na cewa labari, kuma Kawu ya rubuta a gefe: wannan daga bakinmu suka ɗauka, ba daga Larabawa ba, Allah ne masani.

A rana ta uku na same ta. Hawar, a sama, da manyan baƙaƙe. Ƙarƙashinta maganar Babarbaren, cif, har da Litinin, har da injuna. Sunansa, sunan ubansa, garinsu. Ranar Juma'a. Shaidu huɗu, sunana na farko, ya ma ƙara da cewa ɗan ƙanwata.

An ja layi a ƙarƙashin kowane suna da jan fensir. Kawu bai taɓa riƙe fensir ba a rayuwarsa, yana cewa abin da ake gogewa ba rubutu ba ne. Takardar ta je wani wuri ta dawo.

Na ci gaba da na bayanta, don ya jera su bisa kwanan wata. Akwai kamar arba'in, na shekara biyar ɗin nan. Kalma tana nan, maganar tana nan. Ba sunan mai faɗa, ba uba, ba gari, ba shaida ko ɗaya. Wurin sunayen fari fat. Mutumin da ya ce takarda irin wannan ta naɗa ƙosai ce, shekara biyar yana rubuta na naɗa ƙosai, yana jerawa a gafaka.

Ranar sadakar bakwai aka taru da safe, aka yi addu'a, aka raba waina. Ba wanda ya tashi. Na shiga na fito da gafakar na ajiye a tsakiyar tabarma.

Mai unguwa ya ce, "Madalla. A kawo ashana."

Na ce, "Ba a ƙona kayan mutane. Kowa zai karɓi nasa, ya yi yadda ya ga dama."

Na fara kira. Wanda duk yake mai magana a takarda, ko shaida na farko, in miƙa masa. Mahauci ya karɓa, ya ba Liman ya karanta masa. Da ya ji abin da ke ciki sai ya ce, "Shi ke nan? Buzun nan mai warin raƙumi?" Aka yi dariya, irin wadda ba a so a yi a gidan mutuwa. Ya ninke takardar ya cusa cikin hula. Baba Bayarabe ya karɓi nasa goma sha ɗaya, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya rungume su a ƙirji yana kuka, yana cewa, "Ya rubuta sunan baba nawa daidai. Shekara talatin ba wanda ya faɗa daidai a garin nan." Ba wanda ya nemi ashana.

Da na gama, mai unguwa ya yi gyaran murya.

"Nawa fa?"

"Babu."

"Duba dai. Kullum ina zauren nan."

"Na duba. Ko a shaidu ba ka ciki."

Wani daga baya ya ce, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji, "Alhaji ba ya karɓar shaidar kowa da kowa." Mai unguwa ya tashi ya kaɗe riga, ya ce yana da uzuri.

Liman ya dube ni ya ce, "To, kai ka karanta duka. Abin da ake faɗa a kan bawan Allahn nan, gaskiya ne?"

Tawa takardar tana aljihuna, ban nuna wa kowa ba. Na ce, "Ban ga rahoto ko ɗaya ba." Aka ce alhamdu lillahi, aka shafa. Abin da na faɗa gaskiya ne, kuma na lura irin amsar Kawu ce na bayar.

Da aka watse na shiga wajen Iya, na ajiye takardar a gabanta. Ba ta karatu, amma ta ga jan layin ta kawar da kai.

"Iya, ya sani?"

"Me?"

"Kin san me. Da ya ba Baturen, ya san tana ciki?"

Ta ce Baturen ya saba aron takardun ya kwafa, ya dawo da su wata Asabar. Ranar ya zo Kawu na ɗokin nuna masa sabuwar kalma, tawada ko bushewa ba ta gama yi ba. Ya karanta masa da kansa, ya miƙa masa.

"Ya karanta masa? Har da Litinin da injuna?"

"Ni ina tsakar gida, ban ji duka ba. Ka san shi in ya samu kalma, sauran maganar ba ya jin ta."

"Ko kuma ya ji."

"Ko kuma ya ji," in ji ta. "Ni dai na san ranar da aka kama ku ya tafi gidan Baturen a ƙasa, ba rawani. Kwana uku yana zuwa yana tsayawa a bakin ƙofa. Rana ta uku kuku ya shigar da shi. Ya dawo da takardar, bai ci abinci ba, Baturen kuma bai sake taka layin nan ba. Abin da suka faɗa wa juna, bai gaya mini ba. Kukun yana wurin, shi ya kawo musu shayi."

"Me ya hana shi gaya mini duk wannan?"

"Da ka saurara?"

Iya matarsa ce ta shekara arba'in, me za ta ce in ba wannan ba? Kuma mutum yana iya zuwa ya tsaya a ƙofar Bature don nadama, yana iya zuwa don a cika masa alkawari. Na juya abin ta kowane gefe. Tsoho ne da kalma ta rufe wa ido har ya miƙa wuyan ɗan ƙanwarsa bai lura ba? Ko ya lura, ya ga in ya ɓoye takardar zai rasa mutum ɗaya tak da ya taɓa kiransa malam? Ko kuwa ya ga za mu jawo wa kanmu harbi ranar Litinin, ya zaɓa mana kurkuku? Duk ukun sun yi daidai da Kawun da na sani.

Baturen an ce ya koma ƙasarsu, yanzu da ake ta maganar mulkin kai. Kukun yana nan. Na bincika, an kwatanta mini gidansa a Bukuru, bayan tasha, ya tsufa amma hankalinsa garau. Tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba.

Lahadi uku ke nan ina sa takalmi in fito. Ta farko na kai tashar mota na dawo. Ta biyu har na zauna a mota, da yaron mota ya ce saura mutum ɗaya sai na sauka. In kukun ya ce Kawu ya sani, to na ci amanar unguwa da na tsaya gaban Liman na wanke shi, kuma 'ya'yana sun yi shekara huɗu suna sallah da kuɗin wuyan ubansu a jikinsu. In ya ce bai sani ba, to ni ne na tofa yawu a ƙofar tsohon da ya ci da iyalina, na ɓata masa suna a garin da ya yi shekara hamsin, na bar shi ya mutu yana leƙen 'ya'yana daga bakin zaure. Ban san wanne zan iya ɗauka ba. Jiya, Lahadi ta uku, maƙabarta na wuce. Ruwa ya zaftare gefen kabarin, na nemi duwatsu na gyara, na zauna har rana ta yi zafi.

Allah, Kai ka san abin da aka faɗa a gidan Baturen nan, ba ka buƙatar kuku. In Kawu ya yi da sani, ka yi masa sassauci, don ya biya wani abu tun a nan. In bai sani ba, ka jiƙansa, ka haskaka makwancinsa, ni kuma ka duba lamarina.